Gashin Baki na Nuwamba da Dattawan Birnin Zazzau

Daga kamawar watan Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba na kowace shekara, shafukan sada zumunta kan cika da hotunan mutane sanye da riguna masu launi ɗaya, suna tattaki a titunan Abuja da Legas da Kaduna da sunan yaƙi da ciwon daji, wato cutar nan da wasu ƙwayoyin halittar jiki ke hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba har su mamaye sauran sassa. Oktoba na kansar mama ne, launinsa ruwan hoda, Nuwamba kuwa an ba wa maza shi, kuma kowa ya tambayi masu shirya waɗannan bukukuwa manufarsu, amsar da zai ji ita ce wayar da kai. Wannan shafi bai ga dalilin zargin niyyarsu ba, amma yana ganin akwai tambayar da ya kamata su amsa, ita ce ko mutumin da cutar ke nema, dattijo mai shekara 60 da ke zaune a Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma, ya taɓa jin saƙon nasu, in kuma ya ji, ko ya sa shi ya taka zuwa asibiti a lokacin da magani zai yi masa amfani.

Gangamin da ya fi shahara a fagen ciwon dajin maza shi ne Movember, wanda wasu abokai biyu, Travis Garone da Luke Slattery, suka ƙirƙiro a birnin Melbourne na ƙasar Ostireliya a 2003, inda maza 30 suka amince su bar gashin bakinsu ya yi ta tsiro har tsawon wata guda. A shekarar da ta biyo baya aka mayar da abin hanyar tara kuɗi domin masu fama da kansar furostet, ya kuma bazu zuwa Ingila da Kanada da Amurka da wasu ƙasashe masu yawa. Dabarar ita ce mutum ya aske fuskarsa tas ranar 1 ga Nuwamba, sannan ya bar gashin baki kaɗai ba tare da gemu ba, domin duk wanda ya ga sauyin kamanninsa ya tambaye shi dalili, tambayar kuma ta buɗe ƙofar hira a kan cutar. Adalci ne a faɗi cewa ta fuskar tara kuɗi dabarar ta ci nasara ƙwarai, domin maƙudan kuɗaɗen da aka samu sun ɗauki nauyin bincike da kula da marasa lafiya a ƙasashe da dama, kamar yadda yayin kwara ruwan ƙanƙara a ka na 2014 ya tara wa wata ƙungiya ta Amurka dala miliyan 115 domin binciken wata cutar jijiyoyi. Sai dai tara kuɗi daban, sanar da mutane abin da zai cece su daban, domin a Kanada ma, inda gangamin ya samu karɓuwa sosai, masu binciken da suka bi saƙonnin Twitter na Movember sun tarar cewa maganar gashin baki da neman gudummawa ta rinjayi maganar cutar kanta nesa ba kusa ba.

Idan aka ɗauko wannan dabara aka dire ta a cikin ganuwar Zazzau, za a ga ta ci karo da al'ada tun daga matakin farko. Abin da aka karantar da mutumin birni tun yana yaro, kuma yake gani a fuskar malaminsa da limaminsa, shi ne a rage gashin baki a bar gemu, saboda haka gangamin da sharaɗinsa shi ne a aske gemu a tara gashin baki ya zo da akasin sunnar da dattawan ke riƙe da ita, kuma saurayin da ya gwada hakan a Babban Dodo faɗa zai sha, ba wanda zai zauna ya ji lacca daga bakinsa. Tattakin da ake yi da kiɗa da rigunan wasanni, maza da mata a gwamutse, shi ma bai dace da mutumin da ya ɗauki kamun kai a matsayin rabin mutuncinsa ba, ga shi kuma yawancin kwalayen da ake ɗagawa da Turanci aka rubuta su, a garin da dattawa da yawa suka fi sakewa da karatun ajami.

Ita furostet wata 'yar halitta ce da maza kaɗai ke da ita, girmanta bai wuce na ɗan goro ba, tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar da fitsari ke bi, aikinta kuma shi ne samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Yayin da shekaru suka ja, takan kumbura a jikin maza da yawa ta matse hanyar fitsari, wannan kumburi kuwa galibi ba daji ba ne, kuma yana da magani. Dajin furostet kuwa mugun halinsa shi ne yakan daɗe yana girma ba tare da wata alama ba, idan alamun suka bayyana kuma sukan yi kama da na kumburin tsufa: yawan tashi fitsari da dare, fitsari mara ƙarfi, jin kamar bai ƙare ba, wani lokaci da jini. Idan aka bar shi yakan tsallaka zuwa ƙashi, musamman ƙashin baya da na ƙugu, har ya kai ga shanyewar ƙafafu. Shi ne dajin da ya fi kama maza a Najeriya, kuma ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2020 ya nuna sababbin kamu sama da 15,000 a ƙasar a shekara guda, da mace-mace sama da 8,000. Baƙar fata sun fi kowa shiga haɗarinsa, domin a Ingila an ƙiyasta cewa ɗaya cikin baƙaƙen maza 4 zai kamu da shi a rayuwarsa, alhali a sauran jama'a ɗaya ne cikin 8, wanda kuma mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, nasa haɗarin ya ƙaru.

Abin da ya fi dacewa masu gangami su nazarta shi ne hanyar da dattijon birni ke bi daga ranar da ya fara ganin sauyi a fitsarinsa. Da farko zai ce sanyi ne, ko basir ne ya motsa, ko kuwa tsufa ne kawai, sai ya aika yaro kemis, ko ya sayi jiƙo a wurin masu maganin gargajiya da ke shela da lasifika a bakin kasuwa, waɗanda ba su jin nauyin ambaton al'aura kuma suna magana da harshen da yake ji. Ba zai gaya wa 'ya'yansa ba saboda kunya, watakila ma ba zai gaya wa uwargidansa ba. Amma akwai mutum ɗaya da sau da yawa yakan ji labarin tun da wuri, shi ne malami, domin ɗigar fitsari bayan an yi tsarki matsala ce ta ibada, kuma mutumin da ba ya wasa da sahun farko ba zai iya haƙuri da shakka a kan alwalarsa da tufafinsa ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Zazzau sun yi bayanin hukuncin mai yoyon fitsari da sauƙin da shari'a ta yi masa, malamin zai ba shi wannan amsa daidai yadda take, dattijon ya tashi hankalinsa a kwance, cutar kuma ta ci gaba da aikinta. Da a ce malamin ya san cewa irin wannan tambaya, idan ta fito daga bakin wanda ya haura shekara 45 ko 50, tana buƙatar ƙarin jumla ɗaya, wato «Alhaji, hukuncin ke nan, amma ka daure ka je likita ya duba ka», da an sami wayar da kan da ta isa inda tattaki ba ya isa.

Wannan ba sabon darasi ba ne a Arewa. Lokacin da aka ƙaurace wa allurar rigakafin shan inna a 2003, tallace-tallacen da aka yi ta yi daga sama ba su sauya ra'ayin iyaye ba, sai da sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai suka shiga aikin da kansu, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko a 2009, kafin a kai ga ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da cutar a watan Agustan 2020. Wannan tsari yana nan daram a masarautar Zazzau, daga fadar Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli har zuwa ƙofar gidan mai unguwa, kuma huɗuba ɗaya a masallacin Juma'a na ƙofar fada za ta shiga kunnen dattawan da ba su taɓa buɗe Facebook ba. Haka nan maganar wanda ya yi cutar ya warke tana da nauyi, kamar yadda aka gani a 2014 lokacin da Farfesa Wole Soyinka ya fito ya bayyana cewa ya yi jinyar kansar furostet, ko da yake abin da birnin Zazzau ke buƙata shi ne irin wannan shaida daga bakin dattijon da ake haɗuwa da shi a ɗaurin aure da jana'iza.

Akwai kuma tsoron da kwalayen gangami ba su taɓa ambata ba, alhali shi ne ke hana maza zuwa. Binciken farko ya haɗa da gwajin jini da ake kira PSA, wanda ke auna wani sinadari da furostet ke fitarwa, da kuma duba da likita ke yi da yatsa ta dubura, abin da dattijo mai iyali ke ɗauka a matsayin tozarci idan ba a yi masa bayani cikin girmamawa ba. Sannan labari ya riga ya bazu cewa magani na iya rage ƙarfin namiji, kuma akwai gaskiya a ciki, domin dajin furostet na dogara ne da sinadarin mazakuta, shi ya sa idan ya yi nisa ake yin allurar da ke danne sinadarin ko a yi aikin cire 'ya'yan maraina. Ɓoye wannan gaskiya ba ya taimakon kowa, abin da ya kamata mutum ya ji shi ne cewa wanda ya zo da wuri yana da zaɓi da yawa, har da sa ido kawai ba tare da aiki ba idan dajin mai tafiyar hawainiya ne, wanda ya makara kuwa zaɓinsa ya ƙuntata. Shi kansa gwajin PSA ba hukunci ba ne, domin yakan hau saboda kumburin tsufa ko ciwon sanyi, kuma sai an tsakuro tsoka an duba kafin a tabbatar da daji, saboda haka ƙungiyar da ta kafa rumfa ta yi gwaji kyauta na yini ɗaya, ta miƙa wa mutum takarda mai lamba, ta naɗe tabarmarta ta tafi, ta bar shi da fargaba ba tare da ta nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Ta wannan fuska Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a, domin ga Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika mai likitocin mafitsara da sashen kula da masu ciwon daji, wanda marasa lafiya ke zuwa daga jihohi masu nisa. Asibitin na Shika yana cikin asibitoci 6 da aka fara gwada Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji na gwamnatin tarayya a cikinsu a 2021, asusun da aka ware domin marasa galihu masu kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet, yana kuma cikin asibitoci 6 da gwamnati ta sanar a 2024 cewa za a inganta cibiyoyinsu na daji. Abin takaici ne a ce mutumin da ke iya zuwa Shika da kuɗin mota ƙalilan bai san da wannan asusu ba, alhali tsoron kashe kuɗi na cikin manyan dalilan da ke sa iyali su mayar da majinyaci gida su rungumi ƙaddara.

Ƙungiyoyin cikin gida irin su Gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu da Project PINK BLUE na Runcie Chidebe sun haɗa tattaki da gwaji da taimakon marasa lafiya, kuma gwajin da taimakon su ne suka cancanci a faɗaɗa su, a kuma yi su duk tsawon shekara. Duk ƙungiyar da ta zo Zazzau a Nuwamba ya kamata a tambaye ta a watan Janairu, maza nawa ta gwada, nawa ne sakamakonsu ya nuna buƙatar ƙarin bincike, nawa daga cikinsu suka isa gaban likita a Shika, wa ya raka su, wa kuma ya biya kuɗin. Ya kamata kuma kafin ta buga riga ko ɗaya ta nemi zama da limaman unguwanni da masu karantarwa a zaure, tare da likita namiji mai jin Hausa, a tanadi bayanin da Hausar boko da ajami, a kuma sanya ranar gwaji a asibitin Ƙofar Gayan wadda za ta riƙa dawowa kowane wata.