Da Damina Mu Ne Tsibirin

Jama'ar Kangire da Birnin Kudu da Gwaram. Mai karantawa ya ɗaga murya, don na bayan rumfa su ji.

Zaɓe ya ƙarato, manya za su zo da jerin motoci su ce muku Jigawa ta ci gaba, tunda ga filin jirgin sama a Dutse. Gwamnatin Sule Lamido ce ta gina shi, Shugaba Jonathan ya buɗe shi a 2014. Mun yarda alhazanmu suna tashi daga can, an rage musu wahalar kwana a Kano. To, bayan aikin Hajji fa? A cikinku wa ya taɓa sayen tikitin Abuja?

Mu da muka riƙe alli mun koya wa yara cewa tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta. Akwai wani a Tanzaniya, sunansa Zanzibar. Su kam filin jirgi dole ne a gare su, domin mota ba ta tafiya a kan teku. Turawa masu yawon buɗe ido ta nan suke sauka su kashe kuɗinsu, mai kifi ya samu, mai tasi ya samu. Ɗan ƙasa kuma jirgi ya kai shi Darussalam cikin kamar minti 20. Mu wane teku ya raba mu da Kano, wadda jirgi ke sauka a cikinta tun 1925?

Ko a ce don baƙi aka yi. Ga zanen shanu na mutanen da can a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, nan Birnin Kudu. Baƙi nawa kuka ga jirgi ya kawo su duba?

Amma fa ku lura, mu ma mukan zama tsibiri. Da ruwan Agusta ya sauka, sai rafi ya cika, kwalbati ya tafi, gari ya yanke. Mai naƙuda a ɗora ta a amalanke, a tsaya bakin ruwa ana salati. Tumatir ya ruɓe a kwando, ɗan makaranta ya yi mako bai ga allo ba. A Agustan 2021 gada ta karye a Radabi, ƙasar Gwaram, mota ta afka, mutum 21 suka rasu. Allah ya jiƙansu. 

Jam'iyyarmu ba ta ce a rushe filin ba, an riga an gina. Cewa muka yi kuɗin talakawa ya fara zuwa gada da kwalbati da hanyar kasuwa. Duk ɗan takarar da ya zo, kada ku bari ya tafi da kirari. Dattawa, ku tsayar da shi ya faɗi gadar da zai gina, da watan da zai fara, malamin gari ya rubuta a gabansa. Iyaye mata, ku adana katinku, ranar zaɓe a fito da sassafe.