MAƘALAR MAKO: Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa, Maganin Tumbin Indiya Da Alƙalamin Marubutanmu



Maƙalar wannan makon za ta sosa wa wasu inda ba ya musu ƙaiƙayi, musamman masu karɓar talla su cusa a tsakiyar labari. Mun daɗe muna ganin abin a zaurukan Facebook da WhatsApp: mai karatu yana tsaka da shafi na talatin, jaruma tana kuka a ɗakin mijinta, sai kwatsam ga sanarwa: shayin rage tumbi daga Indiya, garin Ayurbeda mai narkar da kitse cikin kwana bakwai, ba ya da illa domin ganye ne zalla. Wasu kuma ba talla suke ba, shafukan Indiyawa suke kwafowa su juya da Hausa, su jera sunayen itatuwan da su kansu ba su taɓa gani ba, su kira abin "shirin lafiya". Mu da muke rubutu daga Bunkure, tsakanin fadamu da kwatamin ruwan Tiga, muna cewa wannan cin amanar mai karatu ne, kuma lokacin da za a faɗa ya yi.

Kada a ce mun raina ilimin mutane. Ayurbeda tsohon tsarin magani ne, gwamnatin Indiya ma ta kafa masa ma'aikata guda a 2014. Ɗaya daga cikin manyan littattafansa, Charaka Samhita, ya kai kimanin shekara 2,000, kuma ya yi bayani a kan ƙiba mai yawa. Me ya lissafa a matsayin sababi? Cin abinci fiye da kima, yawan zaƙi da maiƙo, rashin motsa jiki, barcin rana, da gado. Me ya bayar a matsayin mafita? Sha'ir, dangin gero da dawa, nau'o'in wake, kayan lambu, da aikin da zai sa jiki ya wahala. A sake karanta jerin nan da kyau. Wanne ne babu a kasuwar Bunkure ko ta Kura, in ban da sha'ir? Kakanninmu da suka rayu a kan tuwon dawa da miyar kuka, da fura da nono, da ɗan wake, suna tafiya gona a ƙasa, sun cika sharuɗɗan littafin nan ba tare da sun taɓa jin sunansa ba.

To amma tuwon dawa ba ya kawo kuɗin talla. Shi ya sa ake ɓoye wannan ɓangare, a fito da kwalba.

Bari mu buɗe kwalbar. A 2004 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka suka sayi magungunan Ayurbeda guda 70 a shagunan garin suka auna. Guda 14 suna ɗauke da dalma ko zaiba ko sinadarin asanik, wato ɗaya cikin biyar. A 2008 aka sake gwajin da waɗanda ake sayarwa ta intanet, aka sami kusan wannan adadi. Wani sashe na Ayurbeda da gangan yake haɗa ƙarafa cikin magani, masu shi suna cewa sun tsarkake su da wuta. Ƙodar ɗan Adam ba ta san wannan bayani ba. Dalma tana taruwa a jiki, tana lalata ƙoda da jijiya, tana taɓa ƙwaƙwalwar jaririn da ke ciki. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a ba su labarin dalma. Abin da ya faru da yaran Zamfara a 2010 bai goge a zukata ba.

Shayin da ake cewa yana "wanke tumbi" kuwa, da yawansa ganyen filasko ne ko danginsa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san aikin filasko: gudawa. Mace ta kwana tana zarya a banɗaki, da safe ta hau ma'auni ta ga ta ragu da kilo biyu, ta rubuto shaida a ɗora a zaure. Ruwan jikinta ne ya zube, kitsen yana nan daram, kwana uku nauyin ya dawo. Akwai kuma wani ɗan itace da ake kira garsiniya, wanda ake sa wa a magungunan rage ƙiba, likitoci sun sha kawo rahoton waɗanda hantarsu ta taɓu bayan shan kayan da ke ɗauke da shi. Mafi muni, hukumomin magunguna a ƙasashe daban-daban sun sha kama shayin "ganye zalla" da aka ɓoye sibutiramin a ciki, ƙwayar da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda tana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Mun san amsar da za a ba mu: ai yana da lambar NAFDAC. Madalla. A juya kwalbar a karanta ƙananan rubutun da ke jiki. Magungunan gargajiya da hukumar ta yi wa rajistar wucin gadi suna ɗauke da jimlar da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da mai maganin ya yi ba. Marubucin da ya rubuta "NAFDAC ta tabbatar yana narkar da kitse" ya faɗi abin da hukumar ba ta faɗa ba. Wasu kwalaben ma lambar ta bogi ce, wasu babu ita sam, garin ne kawai a ƙulle a leda.

Amsa ta biyu ita ce Indiyawa sun fi mu sanin ganye, shi ya sa jaruman finafinansu suke siri-siri. Son da muke wa fim ɗin Indiya tun zamanin sinima har zuwa na fassara ba laifi ba ne, amma fim ba asibiti ba ne. Wani babban bincike da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta masu ciwon suga a Indiya sun kai mutum miliyan 101. Da akwai garin da ke narkar da kitse cikin kwana bakwai, da su suka fara sha. Abin da gwamnatinsu ta yi shi ne ta kai ƙudiri Majalisar Ɗinkin Duniya aka ayyana 2023 a matsayin shekarar gero ta duniya, tana roƙon mutanenta su koma cin gero da dawa. Su suna neman komawa ga abin da ke rumbunmu, mu muna biyan kuɗin jirgi a kawo mana garinsu.

Mu duba gida. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa zuwa filayen Kadawa, yankin Bunkure da Kura da Garun Malam ya zama wurin da ake noma rani da damina. Shinkafa, alkama, masara, tumatir, albasa, tattasai. Alheri ne babba, ya gina gidaje, ya aurar da 'ya'ya, ya kai mutane Makka. Amma ya sauya abin da ke cikin kwano. Shinkafar da a da sai ranar salla ko suna, yanzu ita ce rana, wani gidan har dare, a tula ta a zuba mai, a kora da lemon kwalba. Da safe shayi mai cokali huɗu na suga da burodi. Babur ya maye gurbin ƙafa, injin niƙa ya maye gurbin turmi da dutse. Matar da ke cikin gida za ta iya yin wuni ba ta yi taku ɗari biyar ba. Ba shinkafar ce abokiyar gaba ba, ita ce abincinmu kuma ita ce sana'armu. Yawan da ake ci ne, da abin da ake rakiyarta da shi, da zaman da ake yi bayan an ci.

A gefe guda kuma, duk wanda ya bi hanyar Zariya lokacin kakar tumatir ya ga kwanduna jibge a Kwanar Gafan, farashi ya faɗi, wani yana ruɓewa kafin motar Legas ta zo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Mu muke loda wa wasu nasu a mota, a namu kwanon sai ɗan jajjage. Zogale yana jikin danga, rama da alayyafo suna bakin kwatami, kuɓewa da yakuwa ba sa wuya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Laifin alƙalami bai tsaya a talla ba. A labarai da yawa, alamar amarya ta samu kwanciyar hankali ita ce ta yi ƙiba, wuyanta ya yi gunduwa-gunduwa. Alamar Alhaji ya yi kuɗi ita ce tumbi ya riga shi shiga ɗaki. Ramammiya kullum ita ce mai baƙin ciki ko wadda aka yi wa asiri. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta karanta wannan sau ɗari, ta je kemis ta nemi "sha ka fashe". Daga cikin ƙwayoyin da ake bayarwa da wannan suna akwai dezametazon, wadda ke kumbura fuska, ta ɗaga suga, ta ɗaga hawan jini. Bayan shekara biyar, shafin da ya koya mata son ƙiba shi ne zai sayar mata da shayin rage ta. An ci kuɗinta da shiga, an ci da fita, ita kuma an bar ta da layin asibiti.

Gaskiyar rage ƙiba ba ta da armashi, shi ya sa ba ta samun talla. A ɗauki zare a auna tsayi, a ninka shi biyu, a zagaya da shi a cibiya. Idan bai haɗu ba, tumbi ya wuce kima. A rage tulin shinkafa da tuwo, a cika rabin kwano da ganye, a ƙara wake, a bar lemon kwalba, a rage suga da mai. A yi tafiya mai ɗan sauri minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, ko da zagaye tsakar gida ne. Wanda ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa a hankali, sugansa da jininsa sukan nuna bambanci. Citta da kurkur da girfa da hulba kayan ƙamshi ne masu kyau a tukunya, amma babu wanda ke goge kwano uku na shinkafa. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai shan maganin suga ko na hawan jini, kada ɗayansu ya fara wani gari ko ya daina cin abinci sai ya ga likita. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku da kuke tasowa a rubutu, mai karatu ya fi yarda da ku a kan mai lasifika a tasha, domin ya yi kuka da jarumarku, ya kwana da labarinku a waya. Idan kuka ce magani yana aiki, sha zai yi. Kafin ku karɓi kuɗin talla ku tambaya: me ke ciki, wa ya haɗa, a ina, kuma za ku iya ba mahaifiyarku? Idan mai kaya ya fara kame-kame, ku mayar masa da kuɗinsa. Idan kuma labari kuke nema, ga shi a ƙofar gida: manomin rani da likita ya hana shi shinkafar da ya noma da hannunsa, ko amaryar da dangin miji ke zunɗe don ta ƙi yin ƙiba. Ba a rubuta waɗannan ba tukuna.

Masu tallar da ke cikin zauren nan, fili naku ne. Ku kawo hujja, ku bar mana hoton "kafin" da "bayan". Allah ya ba mu lafiya mai amfani.