Zauren Kwamfuta: Yadda Ake Rage wa Fayil ɗin Lissafi Nauyi

A watan jiya ma'ajin wata makarantar Islamiyya a nan Sagnarigu ya zo mana da kuka. Rajistar kuɗin makaranta da ya tsara a Excel ta ƙi tafiya ta imel zuwa ga shugaban kwamiti, ga shi taron iyaye ya ƙarato. Ɗaliban ba su kai 300 ba, amma fayil ɗin ya haura megabait 30, alhali Gmail ba ya maƙala wa wasiƙa abin da ya wuce 25.

Da muka duba, sai muka tarar sunaye da alƙaluma ba su da wani nauyi. Malamin ya manna hotunan rasit da ya ɗauka da waya, kowane da cikakken girmansa. Maganin wannan shi ne a tara hotunan a wani wuri daban, ko a matse su da umarnin Compress Pictures.

Abu na biyu, ya ja layuka da launi har dubban gurabe marasa komai. Shafin Excel yana da layi 1,048,576 tun daga shekarar 2007, kuma kwamfuta tana adana adon da aka yi wa gurbi ko da babu rubutu a cikinsa. A danna Ctrl da End tare. In alamar ta faɗa can nesa da ƙarshen lissafi, sai a goge layukan da ke tsakani, sannan a sake adanawa.

Na uku, fayil ɗin na tsohon tsari ne, wato xls. Tsarin xlsx a matse yake zuwa, xlsb kuwa sau da yawa ya fi shi sauƙi. Haka nan lissafin shekarun baya ya fi kyau a ba kowace shekara fayil nata.

Sai dai muna jan hankali: kafin a goge komai, a ajiye kwafi guda, domin rigakafi ya fi magani. Rajistar kuɗin jama'a amana ce, layi ɗaya in ya ɓace yana iya haɗa uba da malami faɗa.

Da muka gama, fayil ɗin bai cika megabait ɗaya ba, ya kuma isa hannun shugaba kafin la'asar. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.