Kafin a saya wa ɗan kabu-kabun Dogo-Dogo GPS, a fara duba taswirar da ke ciki

Babur shi ne ƙafar mutumin karkara a kudancin jihar Damagaram. Shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke ɗaukar mai naƙuda zuwa likita da tsakar dare, shi ke ciyar da gidan matashin da ya rungumi kabu-kabu maimakon tafiya ci-rani. Don haka ba abin mamaki ba ne idan ɗan'uwan da ke Legas ko Aljeriya ko Turai ya yi tunanin aiko wa ƙaninsa na'urar nuna hanya ta GPS, ko kuma matashin da ke Damagaram ya fara tambayar wadda ta fi kyau a ɗaura a kan babur. Niyyar mai kyau ce, amma tambayar ta tsallake abin da ya fi muhimmanci. A wuri irin Dogo-Dogo, amfanin na'urar ya rataya ne kacokan a kan taswirar da ke cikinta.

Dogo-Dogo ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Dungas, wadda aka cire daga gundumar Magarya a shekarar 2011, kuma tana daf da iyakar Najeriya ta wajen jihar Jigawa. Yawancin hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan yankin ba su san kwalta ba. Turbobi ne na rairayi da ke ratsa gonaki, kuma suna sauyawa da yanayi. Hanyar da ake yankewa da rani, da damina ta koma gonar gero ko tafki. Wanda zai kashe kuɗinsa dole ya fara da wannan gaskiyar.

Ya kamata a fahimci yadda abin ke aiki. GPS tsari ne na gwamnatin Amurka mai taurarin ɗan'adam kusan 30 da ke zagaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. Na'ura kan saurari saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa inda take. Wannan saƙo kyauta ne, ba ya buƙatar kati, ba ya buƙatar data, kuma yana sauka a dajin Dungas daidai da yadda yake sauka a Yamai. Tun watan Mayun 2000, da Amurka ta daina rage ingancinsa ga farar hula da gangan, kuskurensa a fili bai wuce 'yan mitoci ba. Rasha na da nata mai suna GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma wayoyi da yawa na yanzu suna sauraren fiye da ɗaya. Sai dai tauraro ba ya faɗin sunan gari, ba ya nuna rijiya. Lambobi kawai yake samarwa. Taswira ce ke mayar da lambobin su zama hanya, kuma taswira mutane ne ke zana ta. Inda ba a zana ba, na'urar da ta fi kowace tsada za ta nuna ɗigo ne a tsakiyar farin fili.

A nan ne masu aiko da tsaraba daga waje ke yin asara. Kamfanonin Garmin da TomTom sun ƙera na'urori na musamman domin babur, masu jure ruwa da girgiza, masu allon da ake gani cikin rana. Garmin zūmo XT da ta fito a 2020 an sa mata kuɗi kusan dala 500, wato sama da jaka 250 na sefa. Amma wadda aka saya a Faransa ko Italiya da taswirar Turai take zuwa, wadda aka saya a Amurka kuma da ta Arewacin Amurka. Idan ba a loda mata taswirar Nijar da arewacin Najeriya ba kafin a aiko, an aiko da kayan ado ne kawai. Kuɗin da ya tafi a kanta ya isa sauya tayoyi da sarƙa, a sayi hular kwano, a kuma rage bashin babur ɗin.

Ga mafi yawan masu babur a yankin, wayar Android da ke aljihunsu, Tecno ce ko Itel ko Infinix, ta wadatar, muddin an shirya ta. Google Maps na ba da damar sauke taswirar wani yanki a ajiye a waya. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps, waɗanda ke dogara da taswirar sa-kai ta OpenStreetMap, an gina su ne domin aiki ba tare da intanet ba. A sauke taswirar a inda sabis ke da ƙarfi, ta Nijar da ta Najeriya duka, domin mai baburin kan iyaka ba ya rayuwa a ƙasa ɗaya. Gwajin ba shi da wahala: a kashe data, a nemi ƙauyuka biyar da aka sani, da kasuwa, da gidan likita mafi kusa. Manhajar da ta samo su ita ce ta dace. Wadda ta kasa, ko da wane suna take ɗauke, ba ta Dogo-Dogo ba ce. Google ya ƙaddamar da tsarin nuna hanya na masu babur a Najeriya a 2019, amma cunkoson birane irin Legas aka yi wa tanadin, ba turbar rairayi ba.

Akwai kuma tarkon suna. A jihar Damagaram kaɗai akwai Dogo a gundumar Mirya, akwai Dogo-Dogo a gundumar Dungas, sannan ga Dogon Dutse can a jihar Doso, ɗaruruwan kilomitoci yamma. Taswirori kuma da rubutun Faransanci suke ɗauke da sunayen: Gouchi, Dantchiao, Sassoumbroum. Wanda ya rubuta suna yadda yake furta shi da Hausa yana iya rasa garin, ko a kai shi wani daban. Maganin wannan shi ne a daina dogara da suna kawai. A tsaya a ƙofar wurin a ajiye alamarsa a waya, ko a sa na can ya turo inda yake ta WhatsApp. OsmAnd na iya ajiye sawun hanyar da aka bi, ta yadda wanda ya bi ɗan gari sau ɗaya da rana zai iya komawa shi kaɗai da dare. A ajiye sawun rani daban, na damina daban.

Bayan taswira sai ƙura da zafi da girgiza. Lambar IP67 da ake gani a jikin wasu na'urori tana da ma'ana: 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 7 na nufin za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. A ƙasar da hunturu ke turnuƙewa, lambar farko ta fi ta biyu muhimmanci. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, alhali zafin Afrilu da Mayu a yankin kan haura 40, kuma wayar da aka kafa a rana tana caji tana nuna hanya ba ta daɗewa kafin ta ɗauke. Kamfanin ya kuma yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur na iya lalata kyamarar wayoyinsa. Saboda haka mariƙi mai roba da ke rage girgiza, da ɗan abin da zai yi wa allo inuwa, da wurin caji mai fis wanda ke mutuwa idan an kashe makulli don kada ya shanye batirin babur, sun fi sabuwar waya amfani.

Kada kuma a rikita na'urar nuna hanya da ta bin sawun babur idan an sace. Ta biyun tana buƙatar layin waya domin ta aika wa mai shi inda babur yake. A kan iyaka, inda sabis ɗin Airtel ko Moov ko Zamani ke iya ɗaukewa na Najeriya ya shigo, sai a tambayi mai sayarwa ƙarara ko za ta ci gaba da aiki idan babur ya tsallaka, a kuma gwada kafin a biya.

Batun iyakar ma ba ƙarami ba ne. Layin da Turawan Ingila da na Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ya ratsa gonaki da dangi, kuma a wurare da dama babu abin da ido zai gani. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, lokacin da Maigatari ta kasance cikin mashigai huɗu na farko da Najeriya ta buɗe. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Manhaja ba ta san dokar ranar ba, gajeriyar hanya kawai take nema, kuma tana iya jefa mutum hannun jami'an duwan ko 'yan sintiri ta hanyar da ba a amince da ita ba. Babur ɗin da aka kama shi ne abincin gida guda.

Haɗari mafi kusa kuwa shi ne idon da ya bar hanya ya koma kan allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin hatsari. A rairayi, inda tayar gaba ke zamewa cikin ƙiftawar ido, mai duba taswira ya tsaya tukuna.

Babban aikin yana wuyan hukuma da masu ilimi. Cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN, da hukumomin Dungas da Magarya, da ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram, za su iya haɗa kai da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu, waɗanda suka fi kowa sanin turbobin nan, a sa kowane ƙauye da gidan likita da rijiya da kasuwa a OpenStreetMap. Taswirar a buɗe take ga kowa tun 2004, kuma tana karɓar sunan wuri da Hausa kusa da na Faransanci. A yi aikin da sanin masu gari da jami'an tsaro, a bar wuraren tsaro a waje. 'Yan ci-ranin da ke son taimakawa, kuɗin na'ura guda ya isa ɗaukar nauyin mai da data na matasan da za su zagaya ƙauyuka masu yawa.

Kafin a kai ga haka, tsohuwar dabara na nan daram: matambayi ba ya ɓata. Waya ta nuna inda mutum yake, amma manomin da ke bakin hanya ne ya san ko tafkin gaba ya cika.