Ina Laifin Lanƙwasar Y?

Ku gwada yanzu a wayarku. Ku rubuta 'ya, ku ɗora yatsa a kanta har shuɗin nan ya rufe ta, ku kwafa, ku liƙa a wani wuri. Abin da zai sauka "ya" ne, ɗiyar ta ɓace a hanya. 'Yar sarki ta koma yar, irin ta yar da shara. Dalili kuwa, manhaja ba ta lissafa alhamzar farkon kalma cikin haruffa. A wurinta alamar zance ce, shi ya sa shuɗin ke tsayawa a bakin y. Word ma ƙari yake yi, da an buga ta sai ya juya ta, ta zama alamar buɗe magana.

Mu masu tace labarai mun gaji da jan kan shuɗin nan baya da ɗan yatsa, kalma bayan kalma, a littafi mai shafi 200.

Ƴan'uwanmu na Nijar sun huta, ƴ suke rubutawa, harafi guda, yatsa na kama shi ɗungurungum. Amma da mun kawo zancen sai malamai su ce Daidaitacciyar Hausa ba ta yarda ba. To, don takarda aka tsara ƙa'idar nan, lokacin da ba mai kwafa da yatsa. Kuma ita ce ta karɓi ƙ da ɗ da ɓ tun kafin ƴancin kai. Lanƙwasa uku sun halatta, me ya haramta ta huɗu?