Kafin ka dasa lemo: san irinsa, san gindinsa, san inda aka raino shi

Ɗan'uwa manomi, in kana bibiyar labaran kasuwa, wataƙila ka ji cewa a shekarar 2024 farashin ruwan lemo a kasuwar duniya ya yi tashin da bai taɓa yi ba. Dalili shi ne lemon ya yi ƙaranci a wuraren da suka saba ciyar da masana'antu, wato Brazil da jihar Florida ta Amurka. Jin haka sai mutum ya fara lissafin cika fili da dashe. To, a dakata tukuna. A 2025 farashin nan ya sauko sosai, kuma dama farashin ruwan lemo na masana'anta ne, ba na buhun da ake saukewa a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano ba. Farashi yakan hau ya sauka cikin shekara guda, ita kuwa bishiyar da ka dasa za ta iya shekara ashirin ko talatin a gonarka. Saboda haka abin da ya fi dacewa mu ɗauka daga labarin nan shi ne sanadin ƙarancin.

Babban sanadin wata cuta ce da ake kira HLB, mai hana lemo nuna yadda ya kamata. An gano ta a Brazil a 2004, a Florida kuma a 2005. Kafin zuwanta, Florida na samar da akwatin lemo sama da miliyan 200 a shekara. A 'yan shekarun nan abin bai kai miliyan 20 ba, duk da cewa guguwa ma ta yi tata ɓarnar. Har yanzu cutar ba ta da magani. Hanya biyu take yaɗuwa: ta bakin wani ɗan ƙwaro mai tsotsar sabon toho, da kuma ta reshe mai cuta da aka ɗebo aka yi aure da shi. Abin da ya sa zancen ya shafe mu shi ne, a 2020 masu bincike sun ba da rahoton ganin wannan ƙwaro a jihar Oyo, daga baya aka gan shi a Gana. Ganin ƙwaron ba ya nufin cutar ta mamaye ƙasa, amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kariyar tana farawa ne daga ranar da ka je sayen dashe.

Mu a bakinmu duk lemo ne, amma dangi ne mai yawa, kowanne da halinsa. Masana sun ce asalinsu yankin kudu maso gabashin Asiya ne, kuma yawancin waɗanda muke sha a yau sun fito ne daga barbarar 'yan iri kaɗan na asali. Shi ya sa suke karɓar aure a junansu, shi ya sa kuma cuta ɗaya take iya bin su duka.

Mu fara da lemon zaƙi, tunda shi ne mai babbar kasuwa. Balansiya ba ya nuna da wuri, amma yana da ruwa, 'ya'yan cikinsa kaɗan ne, kuma yana jure zama a kan bishiya bayan ya nuna, don haka ba dole ka sayar a ranar da kowa ke sayarwa ba. Shi masu matse ruwa suka fi so. Akwai mai cibiya, wanda ake kira Washington Navel: yana nuna da wuri, ba 'ya'ya a ciki, ɓawonsa na da sauƙin ɓarewa. Sai dai in aka matse ruwansa aka ajiye yakan yi ɗaci, saboda haka na sha ne da hannu. Ya fi yin kyau a inda dare ke da sanyi, ba ya son wuri mai zafi da gumi. Sannan akwai ire-iren da aka zaɓo a nan Najeriya, kamar Agege 1 da Ibadan Sweet, waɗanda suka saba da yanayin kudanci da tsakiyar ƙasar.

Tanjirin yana da farin jini saboda zaƙi da sauƙin ɓarewa, amma wannan sakin ɓawon ne ke sa ba ya jure doguwar tafiya da danniya a cikin mota. Wasu irinsa kuma kan yi 'ya'ya birjik bana, baɗi su huta. In gonarka na nesa da kasuwa, ka yi tunani kafin ka cika ta da shi. Tanjalo barbarar tanjirin ne da garehul ko danginsa, yana da ruwa sosai. Garehul kuwa na son zafi, yana girma ƙwarai, amma yana da ɗan ɗaci kuma masu sayensa ba su da yawa a kasuwanninmu, sai ka san wanda zai karɓa kafin ka dasa da yawa.

Lemon tsami ƙarami, wanda muke matsawa a kunu da shayi, shi ne ya fi sabawa da zafin Arewa. In yana samun ruwa yakan yi 'ya'ya fiye da sau ɗaya a shekara, kuma ba a rasa mai saye. Rauninsa shi ne wata cutar lemo mai suna tiristeza tana saurin kama shi. Akwai babbansa marar 'ya'ya a ciki da ake kira Tahiti, wanda ya fi shi girma kuma ƙayarsa kaɗan ce.

Abu biyu sun haɗa su duka. Na farko, koren ɓawo ba ya nufin ɗanye ne. Sanyin dare ne ke juya launin ɓawo, shi ya sa lemon Binuwai zai nuna ya yi zaƙi alhali bayansa kore. Na biyu, lemo ba ayaba ba ne, ba mangwaro ba ne: in ka tsinke shi ba ya ƙara zaƙi. Ka yanka ka ɗanɗana kafin ka kira masu tsinka.

Yanzu ga abin da da yawanmu ba ma tambaya. Dashe mai aure bishiya biyu ce a haɗe: saman da ke ba da 'ya'ya, da gindin da ke cikin ƙasa. Gindin ne ke yanke hukuncin yadda bishiyar za ta jure fari, da gishirin ƙasa, da cuta. Gindin lemon tsami mai kaushin ɓawo, wanda masu raino ke kira raf lemon, yana saurin girma, yana jure rairayi da ƙarancin ruwa, amma ruɓewar gindi mai fitar da ƙaro tana damunsa, kuma zaƙin 'ya'yan kan ragu kaɗan. Gindin Kiliyofatara yana jinkirin fara haihuwa, amma 'ya'yan na da inganci, kuma yana jure gishiri da tiristeza. Gindin lemo mai ɗaci kuwa ka guje shi in lemon zaƙi za a ɗora: tiristeza ta kashe miliyoyin bishiyoyi da ke kansa a Brazil da Ajantina a shekarun 1930 da 1940.

Mai aure yakan fara haihuwa cikin shekara uku zuwa huɗu. Wanda aka shuka daga ƙwallo yana iya kai shekara bakwai ko fiye, ga ƙaya. Ka ga ke nan in aka sayar maka da abin da ba shi ba, sai bayan shekaru na ban ruwa da taki za ka gane. Araha ba ta ado.

Saboda haka in ka je wurin mai raino, ka tambaye shi abu uku: wane iri ne a sama, wane gindi ne a ƙasa, kuma daga wace bishiya aka yanko reshen. In ya ce maka “ai duk lemon zaƙi ne”, ka ƙara gaba. Ka nemi tabon auren da idonka. Ka duba ganye: in rawayar ta yi dabbare-dabbare, ɓangaren dama bai yi daidai da na hagu ba, kada ka saya. A babbar bishiya kuma, alamun HLB sun haɗa da 'ya'ya ƙanana masu karkacewa, masu ɗaci, masu zubewa da wuri. In ka ga haka ka sanar da malamin gona, kar ka bari a ɗebi reshe daga jikinta. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana Ibadan kuma tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Can ne wurin neman shawara kan irin da ya dace da yankinka.

Kar ka manta da ruwa. Damina a Arewa wata huɗu ce ko biyar, lemo kuwa ba ya zubar da ganye ya huta. In ba ka da rijiya ko fadama da za ta kai ka ƙarshen bazara, ka rage yawan dashen. Mutanen Timiya da ke tsaunukan Ayar a Nijar suna noman lemo a tsakiyar hamada, kuma ban ruwa ne ya riƙe lambunansu. Wajen dasawa ka ba da tazarar mita bakwai, wato kusan bishiya 200 a hekta. Ka bar tabon auren a saman ƙasa, kar ruwa ya riƙa kwanciya a jikin gindi, ka cire duk tohon da ya fito a ƙasan tabon, ka kuma sa ido kan gara.

Ku kuma 'yan ƙungiya, aikin ya fi sauƙi a hannunku. Ku haɗa kuɗi ku sayo dashe daga wuri guda da kuka tantance, ku rubuta sunan iri da gindin kowane layi a littafi. Ku raba tsakanin mai nuna da wuri da mai jinkiri, don kar kayanku su faɗo kasuwa lokaci ɗaya farashi ya karye. Wannan zai taimaka muku har da kasuwar azumi, tunda watan na matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, iri ɗaya ba zai riƙa dacewa da shi kullum ba. Ku tura matasa biyu su koyo aure, ku ware lafiyayyun bishiyoyi da za a riƙa yankar reshe daga gare su, sannan ku yi yarjejeniya cewa ba wanda zai shigo da dashen da ba a san asalinsa ba, domin ƙwaron da ya sauka a gonar maƙwabcinka gobe yana taka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gonakinmu.