A Kira Magini Kafin a Ce An Sallama

Wani malamin makaranta da aka yi wa canjin aiki zuwa Agiye ya ga gida a tsohuwar unguwa, ransa ya kwanta da shi. Gidan gado ne na ƙasa, da zaure mai soro da ɗakuna huɗu, mai sanyi da azahar ko a watan Afrilu. Magada suka sa miliyan 4, ya taya, aka yi ta "albarka" har aka tsaya a kan uku da rabi. Kafin ya ajiye kafin alƙalami sai ya ce a bar shi ya kawo magini ya duba. Daga nan fuskoki suka canja.

Maginin dattijo ne, bai yi dogon zance ba. Ya hau rufi ya tarar indararo ya toshe, ruwa ya daɗe yana kwana a kai. Ya soka ƙusa a azara, biyu daga ciki gara ta cinye su ta bar ɓawo. Gindin bangon gabas, inda hadari ke duka, ya zaizaye. Fuskar gidan kuwa, wadda aka shafe da siminti aka yi mata fenti, da ya ƙwanƙwasa sai ta amsa holoƙo. Ya yi lissafin azara da tubali da kuɗin aiki, ya ce jaka 600 za ta tsayar da gidan. Malamin ya koma wajen babban magaji da ladabinsa, ya ce, "Baba, ina son gidan, amma ga abin da magini ya gani, a rage mini kuɗin gyara." Tsohon bai buɗe baki ba dillali ya shiga: "Haba Mushe! Gidan da kakansu ya gina, damina nawa ya gani bai faɗi ba? Wannan ai raini ne." Ciniki ya watse. Ba a yi sati ba aka sayar wa wani ɗan gari da ke ci-rani a Legas, a kan kuɗin farko, bayan an tura masa hotunan fuskar gidan ta waya.

Kalmar "raini" ɗin nan ce ta tsaya mini a rai tun da na ji labarin. A kasuwar Gazawa babu mai sayen rago bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba, bai tattaɓa ƙirjinsa ba, kuma mai rago ba ya cewa an zagi ubansa. To don me gida, wanda mutum ke zuba guminsa na shekaru a kai, wanda ƴaƴansa za su kwana ƙarƙashin rufinsa, shi ne za a saya da kunya? Mun mai da cinikin biri a sama ya zama alamar tarbiyya, mai bincike kuma ya zama marar mutunci.

Addini bai ce haka ba. Yaron makarantar allo ma ya ji labarin ranar da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai kayan don ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙarƙashi. Malamanmu na Malikiyya kuma sun yi wa aibin gida babi mai tsari. Aibi ƙarami wanda ba ya rage daraja, a wuce shi. Matsakaici, kamar tsagewar bango da ba a tsoron za ta kai ga rushewa, mai saye ya riƙe gida a mayar masa da kuɗin aibin. Mai yawa kuwa, wanda da yawansu suka ƙaddara da sulusin kuɗin gida, mai saye yana da damar mai da gida ya karɓi kuɗinsa. Wannan fa bayan an gama ciniki ne. Ashe wanda ya nemi ragi tun kafin a shafa fatiha ya sauƙaƙa wa kowa, ya raba su da zaryar gidan alƙali.

"Damina nawa ya gani bai faɗi ba" hujja ce ta wanda bai san ginin ƙasa ba, ko ya sani yana yi da gangan. Gidan ƙasa ya kai shekarun da ya kai ne saboda akwai mai hawa rufinsa kowace bazara, ya toshe tsaga, ya share indararo, ya sabunta yaɓe. Ranar da mai gida ya rasu, magada suka watsu Maraɗi da Kano da Yamai, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fitar da kuɗin gyara, ranar gidan ya fara mutuwa. Shekara uku ta sakaci tana cinye abin da aka yi shekara sittin ana tattali. Tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya ga damina fiye da kowane gida a Agiye, amma a farkon Satumbar 2024 ruwa ya kai shi ƙasa. Kwanaki kaɗan kafin nan Maraɗi ta yi makokin waɗanda ruwan ƙarshen Agusta ya halaka. Ita kanta Maraɗin, ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta tashe ta daga kwari ta mai da ta tudu.

Sai zancen siminti.  Siminti a kan bangon ƙasa ba gyara ba ne. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuma ya rufe mata hanya. Ruwa ya sami tsaga ya shiga, ba ya fita, sai ya zauna yana narkar da tubali daga ciki alhali waje sumul. Iyayenmu da suke yaɓe da makuba ba rashin kuɗin siminti kaɗai ya sa su ba. Yau an wayi gari buhu biyu da gwangwanin fenti sun zama kayan aikin dillali kamar yadda tubali yake kayan aikin magini. A shafe fuska, a ɗauki hoto, a tura wa na ci-rani.

Dillalai za su ji haushi, su ji. La'adarku tana hawa da hawan kuɗin gida, kuma ba ta shiga aljihu sai an sallama, shi ya sa magini ya zama abokin gabanku. Wanda ya san azara ta ruɓe, ya yi shiru, ya kuma kunyata mai tambaya a gaban dattawa, ba shiga tsakani ya yi ba. Algus ya yi, kuma in rufin nan ya faɗa kan yaran mutane cikin dare, yana da kaso a alhakin, ko da ya riga ya cinye la'adar. Na san akwai masu saye da kan zo da maginin ƙarya don su karya kuɗin gidan marayu, maganinsu shi ne magada su ma su kira nasu maginin.

A Agadas abin ya ma fi haka nauyi. Tun 2013 da UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya, wanda ya sayi gida a cikinsa ba shi da ikon rushewa ko canja fasalinsa yadda ya ga dama, dole gyara ya bi ginin ƙasa. Can mai saye yana sayen gida ne tare da ɗawainiyarsa ta kowace shekara, saboda haka in bai lissafa ta cikin kuɗi ba ya cuci kansa. Birnin Damagaram ma ya shiga jerin jiran UNESCO a 2006. Mu a Agiye da Gazawa da Gidan Rumji babu hukumar da ta rubuta soraye da zaurukanmu a wani kundi. Duk da haka mai sayen tsohon gida don ya zauna ciki ya fi mini mai sayensa don ya baje ya jera shaguna, kuma na farkon ne ake kora da kalmar raini.

Abin da nake nema ba ya bukatar doka daga Yamai. Takardar ciniki da ake rubutawa gaban mai gari da shaidu, a ƙara mata layi biyu: magini wane ya duba, ga abin da ya gani, ga abin da aka rage. Mai saye ya biya maginin daga aljihunsa, don kada a ce ɗan gida ne. In kuma ciniki ya zo da rani, dillali na cewa akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe, a ce masa Alhaji ya kawo. Wanda ke iya jira ya bari sai Agusta, ya shiga gidan washegarin ruwa mai ƙarfi, shi da magininsa, sannan a zauna zancen kuɗi.